Wata Yarinya Ce a Gidanmu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya a gaban malamaina na jami'a ana wanke ni tas, ni kuma ina gyaɗa kai ina cewa "Wallahi gaskiya ne, ranki ya daɗe" ba. Babu wanda ya tilasta ni. Da ƙafata na shiga ofishin, da bakina kuma na haƙa ramin da na rufta.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane. Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Baure, gidanmu gidan kiwo ne da fataucin dabbobi. In akwai abin da muka tara a gidan nan fiye da tumaki, to kunya ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin mahaifina ya kira sunan babban yayanmu ba, sai dai "wancan" ko "kai, mutumin." Innarmu kuwa in baƙo ya tambaye ta ko ɗanta ne, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗan gidan nan ne." Kunyar ɗan fari ke nan, ita muka buɗe ido muka gani, ita muka sha a nono.

An ɗaura mini aure saura shekara ɗaya in gama jami'a, a lokacin dogon hutu. Na koma makaranta ban faɗa wa kowa ba. Yo ta ina ma zan fara? 'Yan ajinmu sun riga sun naɗa ni Sarkin Tuzurai, saboda ko gaisawa da mace ba na iya yi sai ina kallon takalmina. In na shigo aji su ce "Ran sarki ya daɗe," ni kuma in ɗaga musu hannu, alhali na baro amarya a gida. (Ku yi haƙuri, a labarin nan "mutuniyar" zan riƙa ce mata. Har yau sunanta ba ya fita a bakina cikin jama'a, kun ga ke nan ban gama warkewa ba.)

A shekarar ƙarshe muna da wani kwas na gwajin ƙasar noma. Jarrabawarsa ta ɗakin gwaji ce, sau ɗaya ake yin ta a shekara, kuma kowa ya san duk wanda ya rasa ta ba tare da karɓaɓɓen uzuri ba, ya faɗi kwas ɗin. Ma'ana abokanka su tafi bautar ƙasa, kai kuma ka dawo baɗi ka zauna da ƙannenka saboda kwas guda. Na yi karatun jarrabawar nan kamar ba gobe, don na san akwai baki na biyu da ke tafe, ga mutuniyar can gidan iyayenta a Zango tana goyon ciki.

Ranar jarrabawar da safe, na sa farar rigata ta ɗakin gwaji ke nan, sai ga wayar Sale. Sale ɗan goggona ne, taubashina, dillalin raguna, mutumin da bai taɓa kirana don alheri ba sai don tsiya. Amma ranar babu wasa a muryarsa.

"Kai, ajiye duk abin da kake yi. Naƙuda ta zo da gardama, mun taho da ita asibitin Daura. Sun ce a nemo jini."

Ban san lokacin da na kai tasha ba. Sai da muka yi nisa na lura har yanzu farar rigar tana jikina, shi ya sa wata tsohuwa a motar ke ta nuna mini gwiwarta tana cewa, "Likita, nan ne ke mini ciwo." Na isa, aka gwada, jinina ya yi daidai, aka ɗiba. Daga nan sai zaman jira a kan benci, ina addu'ar da na iya da wadda ban iya ba. Wajen la'asar muka ji kukan jariri. Unguwarzoma ta leƙo ta ce mace ce, kuma uwa da 'ya duk suna lafiya.

Jama'a, ban taɓa jin daɗi irin na ranar nan ba. Na zagaya bayan ɗakin, gindin wata darbejiya, na yi sujada, na yi kuka, na yi dariya ni kaɗai, har wani mai sayar da ayaba ya matsar da tirensa. Amma da surukata ta fito da jaririyar a naɗe don in gani, sai jinin gidanmu ya motsa. Na durƙusa na gaishe ta kamar hanya ce ta biyo da ni, na kawar da kai gefe. Tafin ƙafar yarinyar kawai na sata na kalla, shi ma da wutsiyar ido.

Sai da hankalina ya kwanta na tuna da jarrabawa. Ban tsorata sosai ba, don na san dokar makarantarmu a kan uzuri. Ɗalibin da ya rasa jarrabawa ko wani aikin aji saboda larura, ana sake ba shi dama in larurar ta shafe shi da kansa, ko iyayensa, ko matarsa, ko ɗansa. Abin da ake so shi ne ya bayyana gaban kwamitin sashe kafin mako ya ƙare, ya faɗi uzurinsa da bakinsa, shaida kuma ta biyo baya. Dokar nan kamar don ni aka rubuta ta, ga mata ga 'ya, uzuri biyu a haɗe. Abin da ya rage mini kawai in buɗe baki in ce, "Matata ce ta haihu." Tun daga Daura har makaranta nake maimaita maganar a zuciyata, kuma a cikin mota tana fita sumul.

Mutum uku na tarar a ofishin. Ga Farfesa, shugaban sashe, dattijo mai farin gemu, sa'an mahaifina, har wani kama suke yi ta wajen gira. Ga Dakta Rabi, wadda duk sashen aka sani ba ta ɗaukar wargi. Sai jami'in jarrabawa, wani matashi mai yawan shiru, riƙe da littafin dokoki. Ina ɗaga kai na haɗa ido da Farfesa, sai na ji kamar a zauren gidanmu nake gaban Baba. Maganar da na haddace ta bi iska.

"To, ɗana, me ya hana ka jarrabawa?" in ji Farfesa.

"Ranka ya daɗe, asibiti na je. Wata yarinya ce a gidanmu ba ta da lafiya."

"Subhanallahi. Me ya same ta?"

"Ta ɗan... an sami ƙaruwa ne. Sai aka buƙaci jini, na bayar."

Farfesa ya ce masha Allah, ya sa mini albarka. Na fara murna a raina, na ce shi ke nan, dattijo ya gane. Ashe Dakta Rabi ce ke gyara zama.

"Ƙanwarka ce?"

"A'a, ranki ya daɗe. 'Yar uwa ce dai, a gidanmu take aure."

"To mijin nata fa? Yana ina lokacin da take naƙuda?"

"Yana makaranta."

"Ɗalibi ne? A nan?"

"E, ranki ya daɗe."

(Ku lura fa, har zuwa nan ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Wannan ne abin da nake ta lallashin kaina da shi, kamar akwai wanda zai ba ni maki a kai.)

Dakta ta cire tabarau ta ajiye. "Wato matarsa tana tsakanin rai da mutuwa, shi yana nan yana yawo a makaranta, kai kuma ka bar jarrabawarka ka je ka ba da jininka? Wane irin miji ne wannan? Ai irinsu ne ke sa mata hawan jini. Mutum ya iya aure, bai iya ɗaukar nauyi ba. Mijin banza kawai!"

A nan ne ya kamata in ce, "Ranki ya daɗe, ni ne." Ƙofa a buɗe take, tura ta kawai zan yi. Amma yanzu ga kunya ga tsoro sun haɗu, wa zai ɗaga hannu ya ce shi ne mijin banza? Sai na ji bakina yana cewa, "Wallahi gaskiya ne, ranki ya daɗe. Mutumin sai a hankali."

"Ka san shi sosai?"

"Tare muka taso."

"Ko zuwa ganin jaririyar ya yi?"

"Ya je. Ƙafarta kawai ya kalla."

Dakta ta tafa hannu ta yi salati. Farfesa ya girgiza kai. Jami'in jarrabawa ya buɗe littafinsa ya karanto dokar a hankali, sannan ya ce da baƙin ciki, matar ɗan uwa ba ta cikin waɗanda aka lissafa. Farfesa ya ce abin da na yi aikin lada ne, Allah zai biya ni, amma su hannunsu a ɗaure yake. Baki shi ke yanka wuya, ga shekara guda ta rayuwata na yanka da nawa.

Har na juya zan fita, Dakta ta ce, "Tsaya. Tunda ka ce ɗalibinmu ne, ka zo mana da shi ranar Litinin. In ya tabbatar shi ya tura ka a madadinsa, ƙila mu duba ko akwai abin da za a iya yi. Kuma ni ma ina da 'yar magana da shi."

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Yanzu ina zan samo mijin matata?

Na tafi gida ƙarshen mako, ana ta shirin suna, kowa na fara'a ban da ni. Sale ya ja ni bayan garke ya ce lafiya na yi zuru kamar an ƙwace mini tuwo? Na kasa riƙewa na ba shi labari. Bawan Allahn nan sai da ya kwanta a kan harawa yana riƙe ciki. Da ya samu numfashi ya ce, "Ai abu mai sauƙi ne. Ni zan je in ce ni ne mijin." Na ce in ya sake maimaita wannan magana sai na fasa masa baki. Ya ce, "Au, ashe kana so, furtawa ce ba ka iyawa." Na sa shi ya yi alkawari ba zai gaya wa Baba ba, ba zai gaya wa Inna ba, ba zai gaya wa surukaina ba. Ya yi alkawari ɗaya bayan ɗaya, har da ɗaga yatsa. Mutum ɗaya na manta ban saka ba, Kaka.

Kaka ita ta haifi mahaifina, ita ta haifi uwar Sale. Duk kunyar gidanmu a bakin ƙofarta take tsayawa, don tsakanin kaka da jika babu wannan, sai tsokana. Ta tsufa, amma ƙafarta da bakinta ba su san da haka ba.

Ranar Litinin na koma da niyyar faɗin gaskiya, wallahi da niyya na tafi. Barandar sashen cike take da 'yan ajinmu, kowa na jiran malamin da ke duba masa aikin bincike. Suka yi mini "Ran sarki ya daɗe" kamar kullum, na wuce na shiga. Ƙofar ofishin ba ta rufuwa sosai, kuma ranar babu wuta, an bar ta a buɗe don iska.

"Ina mutumin?" in ji Dakta.

Na dubi Farfesa. Gemun nan dai, girar nan dai.

"Ranki ya daɗe... kunya yake ji."

"Ai ya kamata ya ji kunya! Da ni ce shi, ko fitowa waje ba zan yi ba."

"Haka ne, ranki ya daɗe."

Farfesa ya yi ajiyar zuciya, ya ce to tunda haka ne babu yadda za su yi. Jami'in jarrabawa ya cire murfin alƙalami. Daidai lokacin muka ji wata murya daga bakin ƙofa, muryar da zan gane ko a tsakiyar kasuwar Mai'aduwa.

"Salamu alaikum. Nan ne ake shari'ar mijin banza?"

Kaka ce, da mayafinta na zuwa biki, da sandarta. A bayanta ga Sale ɗauke da ƙwarya cike da goro da alewa da dabino, yana washe baki kamar an ba shi kyautar bijimi. Daga baya na ji tun da sassafe ta tasa shi gaba, daga Baure zuwa Zango, daga Zango zuwa Daura, daga nan suka hau motar zuwa makaranta, duk wanda ta zauna kusa da shi a mota sai da ya ji labarina.

Farfesa ya miƙe da sauri ya ba ta kujera. "Sannu da hanya, Inna. Wa kike nema?"

"Ba nema nake ba, ɗan nan. An ce kun ce a kawo muku uban jaririya. Yo ga shi nan kun tsare shi a tsaye, me kuma za a kawo?" Ta nuna ni da sanda. Sannan ta kamo hannun rigata ta naɗe, ta nuna musu inda aka soka allura. "Jinin ja'irin nan ne a jikin matarsa. Ni na je da kaina na nemo masa aurenta. Ga goron suna, gobe ne, a Zango. Na ce ba a yi wa malamai haka, a haihu ba a gaya musu ba."

Ofishin ya yi tsit. Na ji barandar ma ta yi tsit, wanda ya fi komai tayar mini da hankali. Jami'in jarrabawa ya ɗaga littafin dokoki ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa na ƙura wa wata tsagar siminti ido, ina roƙon Allah ya faɗaɗa ta in shige.

Dakta ta mayar da tabarau ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ne mijin?"

Na gyaɗa kai.

"Kai ne ka tsaya nan ka ce mutumin sai a hankali?"

"Ai nan bai yi ƙarya ba," in ji Kaka.

Farfesa ya fashe da dariya, irin wadda ba mu taɓa zaton yana da ita ba, har da share hawaye da bakin babbar riga. Ya ce, "Dakta, bi shi a sannu. Ni da kike gani, babban ɗana ya yi aure har ya haihu, ban taɓa kiran sunansa ba. Ranar da aka yaye shi a jami'a, aka ce iyaye su miƙe, zama na yi."

Dakta ta ce, "Farfesa, ni ma 'yar Daura ce, na san kunyar ɗan fari. Amma ban taɓa ganin wanda ya ɗauki shekara guda ya ba da sadaka saboda ita ba." Ta juyo kaina, tana danne dariya. "Doka ta ce ɗalibi ya faɗi uzurinsa da bakinsa. Ba ta ce kakarsa ba. Muna saurare."

"An... an sami ƙaruwa."

"Wa ya samu?"

"Mu."

"Ku wa? Kai da Farfesa?"

Sale ya ajiye ƙwaryar don kada ta suɓuce masa. Kaka ta zungure ni da sanda a ƙafa ta ce, "Kai, buɗe baki! Lokacin da kake zarya Zango da turare ai ba ka ji kunya ba."

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na rufe ido, na ɗauka a hankali zan faɗa, sai ji na yi ta cika ofishin ta fita baranda.

"Matata ce ta haihu! 'Yata ce!"

Sai barandar ta kece. Wata daga cikin 'yan matan ajinmu ta rangaɗa guɗa, maza suka ɗauki tafi, wani ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, Sarkin Tuzurai ya yi murabus!" Kawuna suka cika ƙofa. Kaka ta ga ta sami jama'a, ta sa Sale ya fita da ƙwarya yana rabo, ita kuma tana ba su labarin yadda na kalli tafin ƙafa. Kunya kamar ta kashe ni, kunnuwana har zafi suke yi. Amma in faɗa muku gaskiya, a ƙarƙashin kunyar akwai wani daɗi da ban zata ba. Ranar ce na fara cewa "'yata," kuma kalmar ta zauna a bakina daram.

Kwamiti ya karɓi uzurin nan take, aka ce in kawo katin asibiti bayan suna, a sa mini ranar jarrabawa ta ni kaɗai. Dakta ta ce ta janye "mijin banza," amma "sai a hankali" tana nan, tunda ni na faɗa da kaina. Washegari 'yan ajinmu suka cika mota guda suka zo Zango, suka ci naman suna, suka yi ta kirana "Baban Bebi" a gaban surukaina, ni kuma ina neman inda zan ɓuya a bayan rumbu. Dakta ta aiko da turmin atamfa. Mutuniyar da ta ji cikakken labarin ta yi dariya har surukata ta tsawata mata saboda ɗinki.

Jarrabawar kuwa na yi ta, na ci, na gama tare da 'yan ajinmu. (Kada ku tambaye ni makin. Bayan duk wannan hayaniya, da ƙyar na tsallake. Dakta da ta gani ta ce, "Da ka sani ka bar Kaka ta rubuta maka.")

Kwanakin baya na kai yarinyar a sa ta makarantar rainon yara a nan Daura, inda muke zaune yanzu. Ta sha sabon yunifom, tana riƙe da ɗan yatsana. Shugabar makarantar, wata dattijuwa, ta dube mu ta ce, "Malam, 'yarka ce?"

Wallahi ina ji ina gani bakina ya fara, "Wata yarin..."

Sai yarinyar ta ja mini riga, ta ɗaga kai ta dubi matar ta ce, "Malama, babana ne. Kunya yake ji."

Abin da na koya dai shi ne, kunya ado ce, ban musa ba, amma a zauren gida ake sa ta. In za ka shiga ofis, ka cire ta tare da takalmi ka ajiye a bakin ƙofa. In kuma ka san ba za ka iya ba, to kada ka yarda ka fita ba tare da kakarka ko 'yarka ba.